A bar ungozoma ta shiga ɗakin haihuwa

Daga Bekaji zuwa Asibitin Ƙwararru na Yola ba wata tafiya ba ce. Duk da haka, idan naƙuda ta taso wa mace da tsakar dare, sau da yawa ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa ta ungozoma ce. Ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta dafa ruwan wankan jego da ganyen darbejiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kaɗai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti. Da dama daga cikin sauran na hannun tsofaffin nan da muke yi wa kallon ragowar jahilci.

Ba na wanke su daga kuskure. Yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Amma tsangwama ba ta raba ungozoma da aikinta ba, sai dai ta sa tana jinkirin kai mai naƙuda asibiti don gudun faɗa.

Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta sha irin wannan fama da matan tsaunukan Andes, waɗanda suka fi yarda da ungozomominsu. A 2005 ma'aikatar lafiyarta ta fitar da ƙa'idar da ta ba mace damar haihuwa a tsugune ko a durƙushe cikin asibiti, tare da wani nata, a kuma miƙa wa dangi mabiyiya su binne. Durƙuso kuwa shi iyayenmu suka sani. Kwanciya rigingine a gaban baƙi na cikin abin da ke korar matanmu.

Hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Adamawa na iya farawa daga unguwa guda. Ta san ungozomomin da sunayensu, ta koya musu alamomin da ba a jira da su: zubar jini, jijjiga, naƙudar da ta wuce yini. A ba kowacce lambar wayar ma'aikaciyar jinya. Idan kuma ta rako mai naƙuda, kada a tsayar da ita a bakin ƙofa.