Gyaran ƙwayar gado yana nesa, awon jini yana kusa

Yaro yakan gaji kamannin iyayensa, wani lokaci kuma ya gaji cuta. Akwai jariran da ake haifa ba su da garkuwar jiki, ƙaramin ciwo sai ya kashe su. A shekarar 2000, likitocin asibitin Necker na birnin Paris suka ba da labarin wata dabara: sun ɗebi ƙwayoyin ɓargon irin waɗannan jarirai, sun sa musu ƙwayar gado mai lafiya, sun mayar cikin jikinsu. Yara da yawa sun tashi. Amma daga 2002 wasu suka kamu da sankarar jini, dole aka sake gyara dabarar.

A ƙasar Dogarawa, Malbaza, Konni da Illela, cutar gado da ta fi damun jama'a ita ce amosanin jini, wato sikila. Tana lalata saifa, garkuwar yaro ta yi rauni, zazzaɓi da ciwon huhu su same shi da sauƙi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun yarda da maganin Casgevy mai gyaran ƙwayar gado. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum ɗaya, wato fiye da miliyar 1 na sefa. Manomin albasar Galmi ba shi da wannan hali.

Saboda haka bai kamata a zauna jiran magani daga waje ba. Idan uba da uwa duka suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da cutar. Ba laifin uwa ba ne, ba maita ba ce, ba iskoki ba ne. Awon jini kafin a karɓi sadaki shi ne mataki na farko, musamman a auren zumunci.

Ya kamata hukuma ta kai awon nan gidajen likita na karkara, kada ya tsaya a cibiyar Yamai da manyan asibitoci irin na Galmi. Yaron da aka gano da wuri yana bukatar rigakafi, penisilin, gidan sauro da isasshen ruwan sha. Sarakuna, limamai da malaman yaƙi da jahilci su yi wa jama'a bayani tun kafin a sa ranar aure.