Abin da Ke Karya Gadoji a Kwarin Rima

Da zarar damina ta yi nisa, hankalin jama'ar Birnin Kebbi da Argungu yakan koma kan gadojin da suka haɗa su da ƙasar Arewa da Dandi. Dalili kuwa a fili yake. A ambaliyar 2020 hukumomin Jihar Kebbi sun ce ruwa ya cinye kadada wajen 450,000 na shinkafa, ya kuma karya gadoji da dama, har hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Dukku zuwa Makera da Kangiwa ba ta tsira ba. Shekara goma kafin nan, watau a 2010, ruwa ya tafi da gadar Kwalkwalawa a Sakkwato, ya raba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari, sai da aka rufe makarantar.

Wanda ke son fahimtar wannan matsala sai ya fara duban yanayin gulbin kansa. Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato, daga nan ya ratsa ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka kafin ya faɗa Kwara. Da rani ƴar siririyar hanya yake bi, amma da damina yakan bazu cikin fadama mai faɗin mil da yawa. Wannan fadama ita ce garkuwar Kabawa tun zamanin Kanta a ƙarni na 16, ita ce kuma ta taimaki Argungu ta gagari rundunonin Sakkwato da Gwandu a ƙarni na 19. A wancan zamani da kwalekwale ake ƙetarewa, ruwa kuwa yana bin inda ya ga dama.

Zuwan mota ya sauya lissafi. Da yake gina gada a kan dukkan faɗin fadama yana cin kuɗi ƙwarai, abin da aka saba yi shi ne a ɗora hanya a kan dogon cikon ƙasa, a gina gajeriyar gada a kan babbar hanyar ruwa, sauran wuraren a sa kwalbatoci. A shekarar da ruwa ya zo daidai, tsarin yana aiki. Amma in ya zo da yawa, cikon sai ya zama tamkar madatsa. Ruwa ya taru a baya ya shanye gonaki, sa'an nan ya matsu ta ƴan ƙofofin da aka bar masa. Matsuwar nan ke ƙara masa gudu, gudun kuma ke kwashe yashin da ke gindin ginshiƙai da kafaɗun gada. Shi ya sa sau da yawa akan tarar da gangar jikin gada tsaye ƙyam, alhali hanyar da ke kaiwa gare ta ta yanke.

Har wa yau, akwai batun madatsun ruwa. An kammala ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, ita ta biyun tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Tun daga lokacin, yawan ruwan da ke isa Argungu ya danganta da sama, ya kuma danganta da ranar da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta buɗe ƙofofi. Gadar da aka auna ba tare da wannan lissafi ba, a kan ƙa aka gina ta.

Don haka gyaran gaggawa da akan yi bayan kowace ambaliya, a zuba ƙasa a shafe da kwalta, maganin rana ɗaya ne. Ya kamata Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ta jiha su sake auna mafitar ruwa a kowane mashigi, su ƙara baki inda ya yi kaɗan, su danne gindin ginshiƙai da duwatsu, a kuma riƙa dubawa kafin saukar damina. Ita kuma hukumar madatsun ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan, tare da sanar da ƙananan hukumomi a kan kari.

Lalle aikin yana da tsada. Amma in gada ta yanke, shinkafar fadama ba ta isa kasuwa, mai naƙuda ba ta isa asibiti, jama'a kuma su koma cunkoso cikin kwalekwale. Hatsarin jirgin ruwa na Warrah a 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa a kan Kwara, ya isa ya nuna abin da wannan cunkoso ke jawowa.