SHAIDAR WA ZA A KARƁA A KAN SABON BABUR?

Duk sa'ad da 'yan kasuwa suka sauke sabon samfurin babur a Daura, kafin mako ya kewayo zancensa ya cika majalisu, tun daga unguwar Kusugu har bakin kasuwa. Wanda aka fi tattaunawa a kansa shi ne na zaman miƙe, watau wanda mahayi ke zama sosai kamar bisa sirdi, ya shiga gari da shi, ya shiga ƙauye, ya ɗauki mutum, ya ɗauki buhu. Wannan ya ce ba a taɓa ƙera irinsa ba, wancan ya ce kwalliya ce kurum. Mai niyyar saye kuwa yana tsakani, jarinsa a hannu, bai san maganar da zai kama ba.

Malamai sun sani, a littattafan fiƙihu alƙali ba ya karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo wa kansa amfani. Wannan ƙa'ida ta dace da sha'anin babur ƙwarai. Dillali yana yabo domin la'ada. Wanda ya saya jiya yana yabo domin kada a ce ya yi asara, ga kuma ɗokin sabon abu. Saurayi yana yabon fenti da ƙarar inji. Ba a ce ɗayansu maƙaryaci ne ba, amma dai ba su ne shaidun da za a ɗora hukunci a kansu ba. Shaidu na gaskiya biyu ne: ɗan acaɓan da ya ci damina da rani a kan abin, da bakaniken da ya kwance injinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya wuce ya isa misali. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin, musamman Jincheng, suka cika ƙasar Hausa saboda araha. Ƙirarsa ta Suzuki ce ta dā, injinsa yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa hayaƙi da yawan shan mai. Sa'an nan Boxer na kamfanin Bajaj ya zo daga Indiya, baƙin mansa yana zaune a cikin inji, ga doguwar kujera. Mahaya suka gwada, suka lissafa abin da ke saura a aljihu da magariba, suka koma masa da kansu. A 2011 kamfanin Honda, mai masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, ya fito da Ace CB125 a kan kimanin naira 100,000, an ƙera shi musamman domin 'yan acaɓan Nijeriya. A 2013 TVS ya kawo HLX kasuwannin Afirka. Kowannensu ya sami masoya, amma har wa yau Boxer bai bar tashoshin acaɓa ba. Watau girman suna da shagalin ranar fitowa ba su ne ke yanke hukunci ba.

To, mai tambayar mahayi, abubuwa huɗu ya kamata ya tambaya. Na fari, mai. Kafin a janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, a farashin gwamnati litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma a 2024 ta haura naira 1,000. Babur ɗin da ya fi ɗan'uwansa sha da rabin lita a yini, a shekara ya sha fiye da lita 180, wannan kuwa abincin iyali ne. Na biyu, kayan gyara. Kadan fulogi ko kuloci ko sarƙa ta lalace, ana samu a Daura, ko sai an aika Kano? Bakaniken Zango ko Sandamu ya san cikinsa? Babur ɗin da zai kwana uku a jingine yana jiran ƙarfe ɗaya ya cinye ribar mako.

Na uku, hanya. Ƙasar Daura rairayi ce, kuma abin da ya yi santsi a kan kwalta ba lalle ne ya fita da buhun gero biyu daga jigawan Ɓaure ba. A tambayi wanda ya bi hanyar kasuwar Mai'aduwa da kaya, ya ga yadda taya da shakazoba suka jure. Na huɗu, ranar sayarwa. Ga talaka babur ajiya ce kamar tunkiya. Ran da aure ko rashin lafiya ya taso, nawa za a taya shi? Samfurin da jama'a ba su sani ba yakan faɗi warwas a hannun na biyu, ko da lafiyarsa lau.

Wannan magana ta fi nauyi a kan masu karɓar babur bashi, su riƙa kai balas kullum har su biya. Attajirin da ya sayi guda goma ya raba wa samari, kadan samfurin bai yi kyau ba, shi jarinsa ya taɓu, yaron kuwa ya wayi gari da bashi a wuya, babu abin hawa. Saboda haka wanda zai zuba kuɗi da yawa ya fara da guda ɗaya, ya ba amintaccen yaro, a rubuta man da ya sha da gyaran da ya ci, har damina ta wuce. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Babur dai shekara guda ta ishe shi.

Su kuma mahaya, akwai amana a wuyansu. Kadan ɗan'uwa ya tambaye ka, faɗa masa kyawun abin, ka faɗa masa aibinsa, ko da kana shirin sayar da naka, gama da maganarka zai fitar da guminsa na shekaru. Sabon abu ba laifi ba ne, dukan baburan da ake taƙama da su yau sun taɓa zama baƙi. Amma a bar baƙo ya kwana, a ga halinsa tukuna.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Wassalam.