Jemage a Wane Gida Za Mu Sa Shi?

'Yan'uwa malamai, darasin rarraba dabbobi yana cikin darussan kimiyyar firamare da muke yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da aka saba shi ne a rubuta jeri biyu a allo, tsuntsaye a dama, masu shayarwa a hagu, yara su kwafa su haddace. Yaron da ya haddace jeri bai san dalilin jerin ba, kuma da zarar an kawo masa dabbar da ba ta cikin allo sai ya rikice.

A ganina ƙa'ida ya kamata mu koyar, ga ta kuwa gajeriya. Duk abin da ke da gashin tsuntsu tsuntsu ne, yana da baki mai tauri marar haƙora, kuma ƙwai yake yi. Duk dabbar da uwa ke shayar da ɗanta nono, ga gashi a jiki ko da kaɗan ne, tana cikin masu shayarwa. Kan nonon nan ne masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa rukunin suna a shekarar 1758. Tashi sama ko zama a ruwa ba ya cikin ma'aunin.

Misalan da za su gwada fahimtar yaro suna kewaye da mu. Jimina ba ta tashi, amma ita ce mafi girman tsuntsayen duniya. Jemage yana tashi, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, fiffikensa kuwa hannu ne da fata ta shimfiɗu tsakanin dogayen yatsunsa. Jinsunan jemagu sun haura 1,400, kusan ɗaya cikin biyar na masu shayarwa baki ɗaya. Ayu yana zaune a kogunan Neja da Binuwai kamar kifi, amma da huhu yake numfashi, dole ya riƙa leƙowa ya shaƙi iska. Ƙayar bushiya da ta beguwa gashi ne da ya yi tauri. Yaron da ya warware waɗannan huɗu da kansa ya fara tunani irin na masu kimiyya.

Wani zai ce ajinmu ya cika maƙil, ba kayan aiki, kuma da Turanci ake jarrabawa. Gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina neman a gyara ba. Sai dai wannan darasi yana cikin kaɗan ɗin da ba sa bukatar kuɗi. Gashin zabo guda, da ɓawon ƙwai, da akuya mai shayarwa a bakin makaranta sun isa. Sunan Turanci kuwa ya fi zama a kan yaron da ya riga ya san dabbar da sunanta na gida.

Amfanin ya wuce jarrabawa. Yaron da ya san cewa jemage ne ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan kuka zuwa waccan da dare, har ta yi 'ya'ya, zai yi tunani kafin ya ɗaga masa danƙo. Ungulu, wadda ke share mushe, ta yi ƙaranci a mahautanmu, kuma wanda bai san aikinta ba ba zai damu da ɓacewarta ba.

Shawarata ga reshenmu ita ce a ware sa'a guda a taro mai zuwa, kowane malami ya zo da sunayen tsuntsaye da dabbobin yankinsa, mu tantance su, mu buga takarda ɗaya a raba wa makarantu. Iyaye ma suna da rawar takawa, domin manoma da makiyaya da masunta sun san halayen shamuwa da belbela da dorina fiye da yawancin littattafan da ke hannunmu. Mu tura yara su tambaye su, su dawo aji da amsa.