Naɗin Talotalo da Farashin Minti Biyar

A Amurka, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar bikin godiya, ranar da gidaje ke gasa talotalo sukutum. Washegari sai a wayi gari firji cike da ragowar nama. Cikin dabarun da suke bi don kada ya lalace, wadda ta fi burge ni ita ce naɗi: a shimfiɗa fallen tortila, wato burodin nan mai faɗi da laushi irin na shawarma, a shafa miya mai yaji, a jera tsoka da latas da tumatir, a naɗe kamar tabarma. Cikin minti biyar abincin rana ya haɗu.

Abincin ma'aikatan ofis ne a yau, amma tushensa tsoho ne. Talotalon da ake kiwo a duniya daga Meziko ya samo asali, Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Tortila ma 'yar can ce, da masara aka fara yin ta kafin alkama ta iso. Har barkonon da muke ɗauka kamar gadonmu ne, daga nahiyar Amurka ya tsallako.

Matsalata da wannan abinci tana cikin kalmar "sauri". Ragowar biki kwana uku zuwa huɗu take yi a firji. Sauran kwanakin shekara fa? Mafi yawan masu naɗin nan sukan koma ga naman leda, wanda masana'anta ta jiƙa da ruwan gishiri da sinadaran hana lalacewa, ta yanka shi fale-fale kamar takarda. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin hanji, kuma kasancewarsa naman tsuntsu bai fitar da shi daga wannan rukuni ba. Hukumar ta kuma shawarci baligi da kada gishirinsa ya kai giram 5 a yini. Naman leda da gishirinsa, tortilar kanti da nata, miyar kwalba da nata. Kafin la'asar mutum ya cinye kaso mai yawa, yana kuma yaba wa kansa cewa ya guje wa soye-soye.

Ina ganin minti biyar ɗin nan ba kyauta ba ne. Wani ne ya riga ya yi aikin, ko kai da daddare, ko masana'anta da sharuɗɗanta. Ni na zaɓi na farko. Ranar Lahadi nakan gasa ƙirjin talotalo har cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, in yayyage shi da hannu. Maimakon mayonis, kindirmo mai kauri nake kwaɓawa da dakakken attaruhu da ruwan lemon tsami, in barbaɗa yajin tsire, domin ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana rufe bushewar da aka san ƙirjin talotalo da ita.

A ɗumama tortilar a busasshen kasko na ɗan lokaci, in ba haka ba za ta tsage wajen naɗi. Idan kuma ofis za a tafi da shi, a fara shimfiɗa latas kafin miya, a ware tumatir daban sai lokacin ci.