Jinin Haihuwa Ba Ya Jira

'Yan uwa, a Kahu da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, wane ne bai taɓa raka gawar mai jego makwanci ba? Da hantsi a ce ta sauka lafiya, a yi barka, kafin la'asar a ce jini ya ɓalle mata. Sai mu ce ƙaddara. Haka ne, amma yarda da ƙaddara bai hana a tambayi asibiti me ya yi ba.

Matsalar tana farawa ne daga ido. Ma'aikaciya ta dubi zani da tsumma ta ƙiyasta jinin da ya zuba, ido kuwa yakan raina jini. Kafin a farga, baiwar Allah ta galabaita.

A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace, jinin ya taru a cikinta. Da ya kai rabin lita, babu zancen gwada wannan magani a jira a gani: a murza mahaifa, a yi allurar oxytocin, a ba da tranexamic acid, a sa ƙarin ruwa, a duba ko yagewa ce ko ragowar mabiyiya, duk a tashi ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Leda fa, jama'a!

To, me ya rage? Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta wadata Babban Asibitin Rano da ƙananan asibitocin Kibiya da wannan leda, ta horar da masu karɓar haihuwa, ta ajiye magungunan a ɗakin haihuwa. Ba a tura miji kemis da tsakar dare alhali tranexamic acid cikin awa uku na farko yake amfani. Oxytocin kuma zafi na kashe ƙarfinsa. Inda babu firij mai aiki, ana iya tsira wa mace allura a banza.

Mu ma maza da namu laifin. Mai gida ya bar izini da kuɗin mota tun kafin naƙuda. Matasa kuma mu je a gwada jininmu a rubuta sunayenmu, domin ranar da aka nemi leda biyu a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.