Kofi Na Yara, Hoto Na Ɗan Siyasa, To Koci Fa?

Duk ranar da aka buga wasan ƙarshe na gasar unguwanni, a Miga ne ko Jahun ko cikin Dutse, hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp iri ɗaya ne: kyaftin ya ɗaga kofi, mai girman da ya sa gasar yana gefe cikin babbar riga. Ku duba can ƙarshen hoton, za ku ga wani da usur a wuya, wani lokaci ma rabin fuskarsa ce kawai ta fito. Shi ne koci, kuma a ganina shi ya kamata a fara kira a ba lambar yabo.

Kocin unguwa ba shi da albashi. Galibi malamin firamare ne, ko tela, ko tsohon ɗan wasan da ciwon gwiwa ya zaunar. Bayan la'asar shi ne a fili kafin kowa. Ƙwallo ta fashe, aljihunsa za ta ci. Yaro ya gurɗe, shi zai goya shi a babur zuwa wajen mai ɗori, sannan ya tsaya gaban uban yaron ya sha faɗa. Awa biyun nan da yake riƙe yara ashirin a fili kuwa, kowa ya san inda wasunsu za su nufa da babu shi.

Mantuwar nan ba a ƙauye kaɗai take ba. Ku shiga gidan kallo ku ce Ahmed Musa, nan take za a lissafo muku ƙwallaye biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018. Ku ce Yemi Tella, sai a yi tsit. Alhali shi ne kocin da ya ciyo wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007, yana fama da ciwon daji, ya rasu makonni kaɗan bayan dawowarsu. In har wannan ya fita daga bakinmu, ina ga mai horar da yara a Hantsu ko Zareku?

A Amurka akwai ƙungiyar Little League da aka kafa a 1939, mai shirya wa yara wasannin baseball da softball, waɗanda ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo. Masu horarwarta 'yan sa-kai ne kamar namu. Bambancin shi ne can an saba karrama mutum saboda sadaukarwa da kyawun hali a fili, ko da bai ci kofi ba. Abin da nake so mu ɗauko ke nan.

Domin in muka ce wanda ya ci kofi shi ne gwarzon koci, mun buɗe ƙofar maguɗi da hannunmu. Mun san kocin da ke kawo ƙato mai aske gemu kullum safe, ya rantse ɗan 15 ne. Mun san mai zuga 'yan kallo su rufe alƙalin wasa da duka saboda fenariti ɗaya. Irin wannan yakan ci kofi, wallahi yakan ci. Amma ɗabi'ar nan ce ta kunyata mu a 2016, lokacin da 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi gwajin shekaru na MRI, Nijar kuma ta yi waje da mu, alhali kofin duniyar na hannunmu tun 2015. Rage shekaru daga filin unguwa ake koyonsa. Kocin da ya ajiye gwaninsa a benci saboda ya wuce shekaru, ya yarda aka ci shi, ya kuma sa yaransa suka miƙa wa abokan karawa hannu, shi nake so a kira gaban jama'a.

Wani zai ce takardar yabo ba ta cika ciki. Gaskiya ne. To a haɗa ta da ƙwallaye da jesi, in da hali ƙaramar hukuma ta biya masa kwas ɗin horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Abin da na fi tsoro shi ne siyasa, kada kyautar ta zama ta yaron wane. Maganinsa mai sauƙi ne: Miga mazaɓu 10 gare ta. A bar alƙalan wasa da kyaftin-kyaftin na kowace mazaɓa su yi zaɓen, da sharaɗin ba wanda zai zaɓi kocinsa. Wanda abokan hamayya suka ce mutumin kirki ne, da wuya a yi musu a kansa.

Kafin hukuma ta motsa, mu da ke riƙe da waya muna da namu. Mukan kwana muna musu kan Guardiola da Arteta, mutanen da ba su san da zamanmu ba. A gasar da ke tafe, wanda zai ɗauki hoto ya ce wa koci ya matso tsakiya, wanda zai ɗora kuma ya rubuta cikakken sunansa da na ƙungiyarsa a sama, kafin na mai girma.